Daga Legas zuwa Axim ta bakin teku: a ina za mu kafa tanti?

Wani ɗan'uwa daga Kano ya aiko da tambaya. Ya ce su huɗu ne abokai, suna da Sienna mai lafiya da hutun mako biyu. Suna so su sauka Legas, daga nan su bi gaɓar teku ta Benin da Togo har ƙarshen Gana, suna kwana a tanti a bakin ruwa don su huta da kuɗin otel, su kuma more kallo. Yana tambaya ko abin zai yiwu, ina ne ya fi daɗin kwana, kuma me za su riƙe.

Malam, zai yiwu, kuma tafiya ce da ta cancanci wahalarta. Amma akwai abu biyu da nake so ku gyara a tunaninku tun kafin ku ɗaura kaya.

Na farko, babban titin ba ya bin teku yadda taswira ke nuna muku. Daga Legas zuwa Akra kusan kilomita 460 ne, daga Akra zuwa Axim, garin da ke can yammacin gaɓar Gana, kusan 280, amma a yawancin wannan tsawon ba za ku ga ruwa ba, sai manyan motoci da kasuwannin gefen hanya da gonakin rogo. Hanyar kamar matsefi take: babban titi yana tafiya can ciki, ƙananan hanyoyi suna gangarowa daga jikinsa zuwa teku, kowacce ta ƙare a wani ƙauyen masunta, sai ka juyo ka sake hawa titi. Wanda ya miƙe bai ratse ba zai iya kaiwa Axim bai taɓa ruwan gishiri da ƙafarsa ba. Don haka kada ku lissafa tafiyar da kilomita kawai, ku lissafa ta da yawan ratsewar da za ku yi.

Na biyu, kuma shi ya fi muhimmanci: babu rairayin da ba shi da mai shi a wannan gaɓa. Wurin da kuka hango fayau da la'asar, bishiyoyin kwakwa jere ba kowa, da asuba shi ne inda mutum talatin ko fiye za su zo jan taru. Wani wurin makabartar ƙauye ce, wani wurin tsafi ne, wani kuma, in faɗa muku gaskiya, shi ne bayan gidan gari. Kafa tanti ba tare da sanin kowa ba shi ke jawo sata da rigima da 'yan sanda cikin dare. Tsarin da ke aiki shi ne na fataken da, wato a sauka a hannun mai masauki. Ƙananan masaukan bakin teku da yawa, a Grand-Popo da Ada da Butre da Akwidaa, suna barin matafiyi ya kafa tantinsa a cikin harabarsu a kan kuɗin da bai kai na ɗaki ba. Ka samu banɗaki da ruwan wanka da mai gadi, motarka tana cikin shinge. Inda babu masauki, ku nemi gidan mai gari ku yi sallama tun da sauran rana, ku faɗi ko ku su wane ne da kwana nawa za ku yi, ku ba da ɗan abin goro, shi zai nuna muku inda za ku kwanta. Da ɗan gari akan ci gari.

Batun takardu ba shi da daɗi, amma shi ke mayar da mutane gida daga iyakar Seme. Kowannenku ya riƙe fasfo ko takardar tafiya ta ECOWAS, wadda ke ba ɗan Najeriya damar kwana 90 ba biza, da katin rigakafin shawara, wannan mai ruwan ɗorawa. Mota kuma tana buƙatar takardunta na asali, lasin tuƙi na ƙasa da ƙasa, inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card, sannan a kowace iyaka kwastan za su ba ku takardar shigar mota ta wucin gadi mai wa'adi. In sunan da ke jikin takardun motar ba na ɗayanku ba ne, ku karɓo rubutaccen izini daga mai ita. Ku tanadi abin kashe gobara da alamar tsayawa mai kusurwa uku guda biyu da akwatin magani, don su ne abin da ake fara tambaya a shinge. Kada ku ƙetare iyaka da jarkar fetur, kwastan na iya ɗaukarku 'yan fasa-ƙwauri. Ku cika tanki kawai. Iyakoki uku ne a gabanku: Seme–Krake, Hillacondji tsakanin Benin da Togo, da Aflao. Kowacce ku isa da safe, mutum ɗaya ya riƙe takardu ya yi magana, sauran su zauna kusa da mota. Da kun shiga Togo agogo zai koma baya da awa ɗaya, haka zai zauna har Gana.

Lokacin da ya fi shi ne Nuwamba zuwa Maris. Babbar damina a can tana kamawa daga Afrilu zuwa Yuli, Yuni ya fi tsanani, ƙarama kuma Satumba da Oktoba. Yankin Axim yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwan sama a Gana, hanyoyin jar ƙasa na can kuwa da damina ba na Sienna ba ne. A Disamba da Janairu hazo yana kaiwa har bakin teku, yana ɗan dusashe kallo, amma dare yana yin sanyi mai daɗin barci.

Da mako biyu, kwana huɗu sun tafi a zuwa Legas da komawa Kano, tunda kowane gefe kusan kilomita dubu ne. Saura goma. Shawarata ita ce ku yi sauri a gabas, ku ɓata lokaci a yamma, don kyan tafiyar yana bayan Takoradi.

Ɓangaren Najeriya ku wuce shi da rana ɗaya. Ku tsaya Badagry ku ga benen 1845 da ake cewa shi ne na farko a ƙasar, amma ban ba ku shawarar kwana a tanti tsakanin Legas da Seme ba. Shingaye sun yi yawa, kuma yankin iyaka ba wurin shimfiɗa tabarma ba ne. A Kwatano ku yi hattara da 'yan acaɓa masu rigar ɗorawa, sun fi na Kano a da yawa da ganganci. Akwai unguwar Zongo mai babban masallaci, a nan za ku yi canjin sefa da Hausa, ku ci abinci, ku ji labarin hanya. Daga unguwar Fidjrossè akwai hanyar da ake kira Route des Pêches, mai bin bakin teku sosai zuwa Ouidah, kusan kilomita 40. Ku bi ta iya inda take da ƙarfi. Duk inda kuka ga ta koma rairayi mai laushi ku juya ku hau babban titi, domin Sienna ƙasa take kuma tana da nauyi. A Ouidah akwai hanyar bayi mai kusan kilomita 4 daga gari zuwa bakin ruwa, inda aka gina ƙofar tunawa a 1995. In tafiyarku ta faɗo wajen 10 ga Janairu, lokacin bikin Vodun ne, wato addinin gargajiya na yankin, garin cike yake, masauki ma wahala.

Daren farko na tanti ku yi shi a Grand-Popo. Rairayi ne mai faɗi da tsawo, kogin Mono yana bayansa, za ku iya hayar kwalekwale zuwa Bouche du Roy inda kogin ke shiga teku. Togo kuwa gaɓarta ba ta wuce kilomita hamsin da 'yan kai ba, kuma nan ne wurin da titi ya fi kusantar ruwa. Aného, wanda ya kasance hedikwatar mulkin Jamusawa a Togo kafin su koma Lome a 1897, ya cancanci tsayuwar awa ɗaya. Lome tana manne da iyakar Aflao, da ka fita daga gari ka shiga Gana.

Da kun shiga Gana, a Denu ku bar babban titi ku bi ta Keta. Siririyar ƙasa ce, teku a hagu, tafkin Keta, mafi girman irinsa a Gana, a dama. Ku tsaya a Fort Prinzenstein da 'yan Denmak suka gina a 1784, wanda teku ya riga ya cinye wani ɓangarensa. Ina so ku kalli wannan ginin da kyau kafin ku zaɓi wurin kwana a ko'ina, don shi zai nuna muku halin ruwan nan. A Nuwamban 2021 ma ambaliyar teku ta raba dubban mutane da gidajensu a wannan yanki. Hanyar tana wucewa ta Woe mai hasumiyar fitilar jiragen ruwa, da Anloga mai lambunan ƙananan albasa a cikin rairayi, ta dawo da ku babban titi kafin gadar Sogakope. Bayan gadar, a mararrabar Kasseh, ku sake gangarawa Ada Foah, inda kogin Volta ke haɗuwa da teku. Akwai sansanonin kwana a kan tsirin rairayi, kogi a gefe ɗaya teku a ɗaya, ana kai mutum da jirgin ruwa, mota ta kwana a gari. Wuri ne mai kyau ƙwarai. Sai dai ruwan kogin da ke kwance yana iya ɗauke da tsargiya, kada sanyinsa ya ruɗe ku.

Akra ba wurin tanti ba ce. Ku kwana a ɗaki a Nima ko Sabon Zango, ku wanke kaya, ku ci waakye, wato shinkafa da wake irin na Gana, da tuwo, ku sha koko da ƙosai kamar kuna gida. Tunda daga Kano kuke, ku sani cewa Alhassan Ɗantata ya zauna a wannan gari a farkon ƙarni na 20, yana tura goro ta jirgin ruwa zuwa Legas. Gaɓar nan ba baƙuwar Kanawa ba ce. Ku fita da asuba, domin cunkoson Kasoa, garin da ke mafitar Akra ta yamma, yana iya cinye muku rabin yini. Hanyar Akra zuwa Cape Coast, kusan kilomita 150, ta yi ƙaurin suna wajen haɗari saboda masu wuce mota a lanƙwasar hanya. A Gana dokar gudu 50 ce a cikin gari, 90 a babban titi, kuma 'yan sanda suna tsayawa da na'urar auna gudu a bakin ƙauyuka. Kada ku yi tuƙin dare a wannan hanya ko kaɗan.

Cape Coast da Elmina ku ba su yini guda cur. Gidan ganuwar Elmina 'yan Fotugal ne suka gina shi a 1482, 'yan Holan suka ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872, kuma a cikinsa aka tsare Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya a 1896 kafin a fitar da shi daga ƙasar. Ku shiga ɗakunan ƙasa da aka tara bayi, ku bi mai jagora, kada ku yi gaggawa. Da yawa daga cikin waɗanda aka tsare a wurin daga arewa aka gangaro da su. Bayan kun fito ku tsaya kan gadar da ke gaban ginin ku kalli ɗaruruwan jiragen masunta masu tutoci a bakin tafkin Benya. Kilomita 30 arewa da Cape Coast akwai dajin Kakum, mai gadojin igiya bakwai da aka ɗaura a saman bishiyoyi, tsawonsu kusan mita 350. Ku je da sassafe kafin motocin 'yan makaranta su iso.

Takoradi ita ce wurin cefane na ƙarshe mai sauƙi: ku cika tanki, ku ciri kuɗi, ku sayi ruwa da shinkafa da gas. Nama kuma ku saya a hannun mahautan zango. Daga nan zuwa mararrabar Agona Nkwanta, sai ku karya hagu. Nan ne abin da kuka baro Kano dominsa. Ƙasar ta daina zama shimfiɗaɗɗen rairayi, ta koma tuddai masu daji da duwatsu suna gangarowa cikin ruwa, tsakaninsu ƙananan lungunan teku. Busua ita ce mai sauƙin kaiwa, kuma ruwanta ya fi na yawancin gaɓar lafawa, amma ƙarshen mako akwai kiɗa da giya har dare, in kuna son shiru ku nufi Butre. A Butre kogi ne ke shiga teku a gindin tudu, a kan tudun kuma kangon Fort Batenstein na 'yan Holan. Ku hau da yamma, kallon da za ku samu daga can ya fi duk wanda kuka gani tun daga Legas. Dixcove tana kusa, da farin gininta na Fort Metal Cross a saman mashigar jiragen masunta. Daga can hanya mara kwalta tana ratsa gonakin roba da na kwakwar manja zuwa Akwidaa da Cape Three Points, wuri mafi kudu a duk Gana, mai hasumiyar fitila ta 1925. Da rani Sienna za ta kai in direba ya bi a hankali kuma ba ku cika mata kaya ba. Ku tambayi direbobin tasha a Agona halin hanyar a ranar. Ni a ganina kwana uku a wannan ɗan yanki sun fi mako guda a sauran wuraren.

Yanzu ga yadda ake kwanan kansa. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, kuma cikarsa ta fi yawa a kwanakin tsayuwar wata da wajen daren sha huɗu. Ku duba layin da ruwa ya ajiye tarkace, ciyayi da robobi da itace, ku wuce shi sosai, ku kafa tanti inda ciyawa ta fara tsiro. Kada ku kwanta ko ku ajiye mota a ƙarƙashin bishiyar kwakwa mai 'ya'ya, inuwarta tana da daɗi amma ƙwallo ɗaya ya isa ya fasa gilashi ko kai. Ƙusoshin da ke zuwa da tanti ba sa kama rairayi. Ku cika buhuna da yashi ku ɗaure igiya a jiki ku binne, ko ku binne guntun itace a kwance. Da rana iska daga teku take busowa, cikin dare takan lafa ko ta juya daga tudu, lokacin ne sauro ke fitowa daga tafkunan da ke bayan rairayi. Don haka tantin da za ku saya ya kasance mai raga ta ko'ina da rufi na biyu a sama, ba mai toshewa irin na ƙasashen sanyi ba, wanda zai dafa ku kafin tsakar dare. Raɓa tana sauka da yawa, mai gishiri ce, komai kuka bari a waje zai wayi gari a jiƙe yana danƙo. Waya da caja da takardu su kwana a mota. Ku riƙe tamfol don inuwa, tabarma, siririyar katifa, tocila ta goshi, kula, ƙaramin murhun gas da abin tare masa iska, da jarkar ruwan sha ta lita 20 aƙalla biyu. Kasancewarku 'yan Najeriya bai hana zazzaɓin cizon sauro kama ku ba, ku tafi da magani da man shafawa.

Batun wanka a teku ina roƙonku ku ɗauke shi da gaske. Wanda ya koyi iyo a Tiga ko kogin Wudil bai san wannan ruwan ba. Raƙuman ruwa suna turo ruwa bakin gaɓa, shi kuma yana neman hanyar komawa, sai ya tattaru a siririn wuri ya koma ciki da gudu. Wurin yakan yi kama da inda ya fi kwanciya, babu farin kumfa, shi ya sa baƙo ke zaɓarsa. Wanda ya faɗa ciki kada ya yi kokawar dawowa kai tsaye, ya yi iyo a gicciye, daidai da gaɓa, har ya fita daga jan. Grand-Popo da Keta da Lome duk gaɓarsu tana da gangara da ja mai ƙarfi, a can ku tsaya iya gwiwa. Ko a Busua ku tambayi 'yan gari inda ake shiga, kuma kada kowa ya shiga shi kaɗai ko bayan magariba.

Watannin da na ba ku su ne kuma lokacin da kunkurun teku ke fitowa cikin dare su haƙa rami su yi ƙwai, a Ada da Akwidaa da wajen Beyin. Dokar Gana ta hana kama su ko ɗibar ƙwansu. In kun yi sa'ar ganin ɗaya, ku kashe tocila ku tsaya daga baya, kuma kada ku hura wuta a rairayin da aka ce muku suna hawa. Ranar Talata kuma masunta a garuruwa da yawa na Gana ba sa shiga teku, al'ada ce tsohuwa, don haka ku sayi kifinku tun Litinin. Sauran ranaku, in kuka ga ana jan taru da safe, ku kama igiya ku taya su. Za a yi muku dariya, a ƙarshe kuma ku sayi kifi da araha. Kafin ku ɗauki hoton mutum ko jirginsa ku nemi izini.

Salla ba za ta ba ku wahala ba. Gaɓar daga gabas zuwa yamma take, teku yana kudu, don haka in kun fuskanci alƙibla teku zai kasance a hannun damanku, ku ɗan karkata hagu daga mafitar rana. Ruwan teku mai tsarki ne, ana alwala da shi, hadisin yana cikin Muwaɗɗa, sai ku adana na jarka don sha da girki. Kusan kowane babban gari yana da zango da masallacin Juma'a. A wuraren cin abinci na ƙauyukan gaɓa ku tsaya kan kifi da dokunu da barkono, ku tambaya kafin ku ci nama, don ana cin alade a yankin.

Daga Agona zuwa Axim tafiyar awa ɗaya ce ko ƙasa da haka. A can akwai Fort Santo Antonio na 'yan Fotugal, na 1515. In kwanaki sun rage muku, ku ƙarasa Beyin, ku ajiye mota ku shiga kwalekwale zuwa Nzulezo, ƙauyen da aka gina kacokan a kan turaku a saman tafki, da makarantarsa da cocinsa. Daga Beyin ku juyo. Komawa Legas ku ware mata kwana biyu cikakku, ku kwana a Akra ko Lome, kuma ku duba wa'adin takardar motar da kwastan na Aflao suka ba ku tun kafin ku bar yamma, domin za a karɓe ta a fita, wanda ya wuce wa'adi kuwa tara zai biya. Da kun isa Legas ku kai motar a wanke ƙarƙashinta da ruwan famfo sosai, a duba birki, kafin ku kama hanyar arewa.